Na tsallaka kogin Hudson saboda faifan Kawu

Yayana da na sauka wajensa a unguwar Bronx ta birnin New York tsayawa yayi kawai yana kallona lokacin da na gaya masa inda nake so ya kai ni. Yace "wai tsaya, ka biya kuɗin jirgi tun daga Abuja, ka sha wahalar biza, mutane na zuwa suga Times Square su ɗau hoto su turawa 'yan gida, kai kuma gidan wani tsohon likitan ido da ya mutu zaka je gani, gidan da ma ba a barin kowa ya shiga?" Nace eh Yaya, shi. Yace to Allah ya shirye ka, bari Juma'a tazo in mun sauko masallaci sai muje, amma ka sani kai zaka biya kuɗin gada.

Bari in koma baya kaɗan don ku gane haukan nawa daga ina ya samo asali. Ina da kawu, ƙanin mahaifiyata, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a Kaduna, kuma a gidansa nake hutun makaranta ina yaro. Yana da garmaho irin babban nan mai kama da akwatin katako da ake shimfiɗa masa kyalle a ɗora fulawar roba a kai, da fayafayai cike da kwali, na makaɗan Hausa da na hailaif da na Kongo. A ciki akwai guda ɗaya da gara ta cinye masa riga tun kafin a haife ni, sai a cikin tsohuwar jarida yake naɗe shi, takardar tsakiyarsa shuɗi da fari. Shi wannan ba a sa shi da rana. Sai bayan isha'i in ya dawo aiki yayi wanka ya miƙe ƙafa a tsakar gida sannan zai ce in ɗauko, in goge da gefen rigata, in ɗora allura a hankali. Mu yara faifan barci muke ce masa don wallahi ba mu taɓa kaiwa ƙarshen gefe ɗaya ido biyu ba. Sunan da ke jiki na iya karantawa, Ike Quebec, kuma shekara da shekaru ni a zatona Inyamuri ne, don akwai wani Ike a ajinmu, har ina yi wa yara burga cewa kawuna na da faifan ɗan Enugu da ya tafi Turai. Sai da na girma na shiga intanet na gano ashe Aik ake furtawa, baƙar fatar Amurka ne haifaffen Newark a jihar New Jersey, an haife shi 1918, kuma faifan sunansa Bossa Nova Soul Samba, kamfanin Blue Note ya fitar, a gidan likitan idon nan kuma aka ɗauke shi. Na Kawu kuwa bayan rasuwarsa aka bar kwalin a shago rana ta lanƙwasa su duka suka koma kamar gurasa.

To kunji dalili. Kafin Juma'ar tazo ranar Laraba na shiga jirgin ƙasa ni kaɗai na gangara Manhattan neman faifan, na ɓata sau biyu don na hau mai gudu wanda baya tsayawa a ƙananan tashoshi, daga ƙarshe dai na samu wani shagon tsofaffin fayafayai a saman bene, ɗaki ne ƙarami mai warin tsohuwar takarda, wani dattijo Bature na zaune da tabarau a kan hanci. Ina faɗin sunan faifan ya ɗago ya dube ni da kyau, yace daga ina, nace Najeriya, yayi dariya yace yau kuma. Ya fito min da guda biyu. Ɗaya sabon bugu ne a leda, ɗayan kuma na asali na 1962 a cikin gilas yake ajiye shi, da ya faɗi kuɗinsa na lissafa da naira a waya sai da nayi salati, kuɗin hayar shekara ne a wasu unguwannin. Amma mutumin kirki ne ya fito da shi ya nuna min a ƙarƙashin fitila, can kusa da takardar tsakiya inda babu waƙa akwai sunan Van Gelder, wato likitan idon nan da ya ɗauki faifan, da aka buga da hatimi a jikin robar, da wata 'yar alama mai kama da kunne wadda masana'antar da ke buga wa Blue Note faifai a lokacin take sawa. Yace masu tara faifai wannan kunnen suke biya ba kiɗan ba. Ni dai jikina yayi sanyi don na tuna na Kawu, ban san ko yana da kunnen ba, ban taɓa dubawa ba, kuma da gefen riga mai ƙura nake goge shi. Na sayi sabon na fito.

Ranar Juma'a muka yi sallah a wani masallaci a Bronx da Hausawan Gana da na Nijar suka cika shi, in ka rufe ido sai kace a Zango kake a Kumasi, muka ci waake da shinkafa irin tasu a wani ɗan shago kusa, sannan muka shiga motarsa ta haya. Ƙarshen Oktoba ne, sanyi ya fara cizo, ganyen bishiyoyi sun koma ja da ruwan ɗorawa. Muka bi ta saman Manhattan muka hau gadar George Washington, gadar nan hawa biyu ce kuma tun 1931 aka buɗe ta, in kana kai zaka ga kogin Hudson a ƙasa faɗinsa ya wuce tunani, a gabanka kuma wasu duwatsu ne tsaye kamar an yanka su da wuƙa, Palisades ake ce masu, sune suka ba garin da zamu suna Englewood Cliffs. Yaya yace ka lura fita New York kyauta ne, shigowa ne ake karɓar kuɗi, haka garin yake a komai.

Abun da ya bani mamaki kusancin wajen. Ni a raina tafiya ce mai nisa cikin daji, ashe daga gadar in ka bi ta Fort Lee ka hau titin Sylvan Avenue ko minti goma ba a yi. Kuma titin ba wani abun kallo, ofisoshin kamfanoni ne a jere masu gilas da filin ajiye motoci, can gaba ma akwai gidan talabijin na CNBC. Sai da muka wuce wajen muka juyo don babu wani katafaren allo da zai ce maka ga shi. A cikin bishiyoyi yake a ja da baya, ginin bulo ne mara fenti mai rufi da ya tashi sama ya haɗe a tsakiya kamar na majami'a. Muka faka a gefen titi. Yaya ya kashe mota yace "to gashi, shikenan? mu juya?" Nace haba Yaya ɗan bani minti ashirin mana.

Mai gidan sunansa Rudy Van Gelder, kuma da gaske likitan ido ne, da rana yana gwada wa mutane tabarau da dare yana ɗaukar makaɗa a falon iyayensa a Hackensack, a haka yayi shekaru har sai 1959 da ya gina wannan ya bar aikin ido gaba ɗaya. Wani almajirin shahararren mai zanen gine-ginen nan Frank Lloyd Wright ne ya zana masa shi, rufin katako ne mai tsayin ƙafa 39 a tsakiya, kuma tsayin nan ba don ado bane, shi ke ba sauti wajen yawo kafin ya dawo cikin makirufo. Mutum ne mai tsantseni da kayansa har safar hannu yake sawa in zai taɓa makirufo. Ya rasu 2016, a 2022 kuma aka sa ginin cikin rajistar wuraren tarihi na ƙasar, amma ba gidan tarihi bane da zaka yanki tikiti, har yanzu aiki ake a ciki, shi yasa ban ko gwada ƙwanƙwasa ƙofa ba, na tsaya daga bakin hanya kamar baƙon da yazo gidan surukai da wuri.

A nan ne ranar 5 ga Oktoba 1962, ita ma Juma'a ce, mutum biyar suka shiga suka ɗauki faifan nan duka a rana ɗaya. Ike Quebec da saksafon, Kenny Burrell ɗan Detroit da jita, Wendell Marshall da babbar bes ɗin nan da ake tsayawa a kaɗa, shi dama yayi shekaru a ƙungiyar Duke Ellington, Willie Bobo a ganguna, iyayensa 'yan Puerto Rico ne shi kuma a gabashin Harlem ya tashi, sai Garvin Masseaux da shekere. Babu piyano ko kaɗan, kuma ina ganin rashinsa ne ya bar fili a cikin kiɗan har kake jin komai a sarari.

Na haɗa wayata da rediyon motar na kunna daga farko, waƙar farko Loie, Burrell ne ya rubuta ta. Yaya ya jingina da kujera yana danna wayarsa irin shi ba ruwansa. Jita ta fara shigowa a hankali, sai ganga, Bobo ba dukan ta yake ba shafa ta yake da ɗan ƙwanƙwasa gefenta, sai wani abu na yin caka caka a ƙasa baya tsayawa, sannan saksafon ta shigo. To anan ne abun yake. Ni na tashi da algaita a kunnena, hawan sallah da fadar hakimi, kuma algaita da saksafon kusan 'yan uwa ne ta wajen cewa duka ɗan tsinken kara ne a baki ke kaɗawa ya bada sauti, sai dai na algaita biyu ne a haɗe na saksafon ɗaya ne kwance a jikin bakin. Amma mai algaita kumbura kumatu yake ya danna iska da ƙarfi don a jiyo shi daga ƙofar gari, aikinsa kenan ya sanar sarki ya fito. Wannan bawan Allah kuwa akasin haka yayi. Yana sakin iska kaɗan kaɗan ta yadda kafin sautin ya fito zaka fara jin hucin numfashinsa, fuuu, sannan muryar ƙarfen ta biyo baya mai kauri a ƙasa, in ya gama jimla kuma sautin ya mutu numfashin ya ɗan saura. Kamar mutum na maka magana a kunne don kar ya tada yara. Ina yaro na ɗauka ƙurar faifan Kawu ce ke wannan hucin, sai a cikin motar nan da sauti tas babu ƙura babu karce na tabbatar ashe numfashin mutum ne nake ji duk shekarun nan.

Kuma kwana 103 bayan wannan Juma'ar, ranar 16 ga Janairu 1963, Ike Quebec ya rasu da kansar huhu yana da shekara 44. Wannan ne faifansa na ƙarshe. Bana so in cika baki in ce ciwon ne ya sa shi busa a haka don dama can salonsa ne, duk fayafayan da yayi a ƙarshen 1961 haka yake jan sauti a hankali, amma ka san huhun da ke hura maka wannan iskar saura wata uku ya tsaya, to ba zaka sake jinsa yadda kake ji da ba. Na gaya wa Yaya haka. Ya ajiye wayar yace Allahu akbar, ya ɗan ƙara murya.

Mutumin bai samu duniya yadda ya kamata ba gaskiya. A shekarun 1940 tauraro ne, yana busa a ƙungiyar Cab Calloway, yana fitar da nasa a Blue Note, kuma shi ne ya riƙa jan hankalin mai kamfanin Alfred Lion, Bayahuden Jamus da ya gudo Amurka, zuwa ga samarin da ke sabon salo irin su Thelonious Monk da Bud Powell. Wato shi ya buɗe wa wasu ƙofar da ta sa nasa salon ya zama tsohon yayi. Shekarun 1950 kuma ƙwaya ta kama shi, aka daina jin ɗuriyarsa sosai, sai 1959 Lion ya dawo da shi da ƙananan fayafayai na akwatin kiɗan da ake jefa wa kwabo a mashaya da gidajen abinci na baƙar fata, yaga an karɓa, sannan aka koma manya. Dawowar tasa duka shekara uku da 'yan watanni tayi.

Shi kuma bossa nova a 1962 yayi ne kamar yadda wani salo ke kama gari kowa ya ruga. A Rio de Janeiro aka haife shi ƙarshen shekarun 1950, su João Gilberto da Antônio Carlos Jobim suka ɗauki samba mai tarin ganguna da hayaniyar titi suka matse ta cikin jita ɗaya, babban yatsa na riƙe taku sauran yatsu na tsallake shi, murya kuma ƙasa ƙasa. A Fabrairun 1962 makaɗan Amurka Stan Getz da Charlie Byrd suka ɗauki nasu a wata majami'a a Washington ya sayu kamar me, daga nan duk mai ƙaho a Amurka sai da kamfaninsa yace yi mana bossa nova, har aka yi babban taron kiɗan a Carnegie Hall a Nuwamban shekarar. Don haka ba zan ɓoye ba, faifan Ike ma kasuwa ce ta kawo shi. Amma ga inda na fi son nasa, kuma masu son Getz suyi haƙuri, na Getz iska ce ta bakin teku mai sanyi, yana da kyau ba musu, na Ike kuwa bai yi ƙoƙarin zama ɗan Barazil ba sam, takun ya ara amma abun da ya zuba a kai blues ne na gidansu da muryar coci ta baƙar fata, shi yasa kalmar soul take cikin sunan. Ko waƙoƙin da kowa ke rububi na Jobim bai ɗauka ba, ya je ya tono tsofaffi irin su Favela da Linda Flor, ya ɗauko wata ta Liszt, makaɗin Turai na da, ya ɗauko Goin' Home wadda asalinta daga kiɗan Dvořák ne, shi ma makaɗin Turai na da, da ya rubuta yana zaune a Amurka 1893, ya ɗora su duka a kan takun samba kuma suka zauna daram.

Da Goin' Home ɗin tazo ne Yaya ya nuna rediyo da baki yace wai wannan caka cakar ba irin goran nan bane na Yarbawa mai raga da duwatsu? Nace shi ne fa, shekere. Yace ikon Allah, me ya kawo shi nan? Nace jirgin bayi. Ya bi mutanensa zuwa Kyuba da Barazil sunansa ma bai canza ba sai ɗan lanƙwasa harshe, daga Kyuba ya shigo New York. Har na ƙara masa da cewa a Bahia ta Barazil, inda tushen samba yake, an kai Hausawa bayi da yawa, sun tada ƙayar baya a 1807, kuma a 1835 musulmin Salvador, galibi Yarbawa da Hausawa a cikinsu, sukayi babban boren da har yau ake karantawa a tarihin ƙasar, an samu layu da rubutun Larabci a jikin waɗanda aka kashe. Ba ina cewa akwai kiɗan Hausa a faifan nan bane, babu, kar wani yaje ya ce na faɗa. Amma goran nan dai na gane shi tun ina ɗan shekara tara a tsakar gidan Kawu kafin in san sunan ko mutum ɗaya a cikinsu.

Minti ashirin ɗin da na roƙa ta zama faifan gaba ɗaya, waƙa tara. Ba wanda ya fito daga gidan ba wanda ya shiga, sai wata kurege da ke ta zirga zirga a kan waya. Na fita na ɗau hoto ɗaya daga bakin titi, bai ma yi kyau ba bishiyoyi sun tare rabi. A dawowa na biya kuɗin gada kamar yadda akayi alkawari, wato Yaya ya nuna min abun da na'urar gilashin motarsa ta cire na bashi a hannu.

Washegari Asabar naje Newark ni kaɗai a jirgin ƙasa na PATH, don ince dai na taka garin da aka haife shi. Garin makaɗa ne sosai, Sarah Vaughan da Wayne Shorter duk 'yan can ne, akwai gidan rediyon WBGO da jazz suke sawa dare da rana, jami'ar Rutgers kuma tana da cibiyar ajiye tarihin jazz a can. Amma abun da ya fi tsaya min shi ne ina fitowa daga tashar Penn ta baya sai gani a unguwar Ironbound, titin Ferry Street, ko'ina Fotugis ake yi, tutocin Portugal da na Barazil a shaguna. Wato garinsu Ike yanzu cike yake da mutanen da ya ari kiɗansu. Na shiga wani gidan burodi, na kauce wa abincin wakensu don na san da naman alade ake dafa shi, na sayi 'yan ƙananan burodin rogo da cuku masu zafi da lemon guarana, na zauna kusa da taga. Yarinyar da ke sayarwa na tambaye ta ko tana jin bossa nova, ta yamutsa fuska tace wannan ai na kakanni ne da na lif ɗin otal, ta nuna min talabijin inda wasu samari biyu da hular kaboyi ke ihu da jita tace wannan ake ji yanzu. Nayi dariya don na tuna haka muke ce wa Kawu.

Ranar da zan taso Yaya ya kai ni filin jirgi na JFK da asuba. Na ƙi sa faifan a babbar jaka, na rungume shi a leda tsakanin kwali biyu da na yanko daga katan ɗin madara, yana ta min tsiya wai ko garmahon ma bani da shi a gida, kuma gaskiyarsa ne har yau ina cigiya a kasuwar 'yan gwangwan ban samu mai allura mai kyau ba. Yana tada mota rediyo ta kama wayarsa, sai ga jitar Burrell ta shigo. Na juya na dube shi. Yace "kar ka wani kalle ni, fasinjojin dare ne suke so, shekaranjiya wata tsohuwa da na ɗauko daga asibiti sai da ta ƙara min dala biyar tace kar in canza." Nace to Yaya. Ya ɗan rage gudu muka hau babban titi, gari bai waye ba tukun.